Mai Karkata Haruffa

A bakin tashar mota akwai wani dattijo mai rubuta allunan shaguna, dogo, siriri, gilashinsa ɗaure da zare. Idan ya ɗora buroshi a kan allo, har numfashi yake riƙewa. Haruffansa duk suna karkata dama, cikinsu da kauri, bakinsu siriri, kowanne da 'yar ƙafar da yake tsaye a kanta. Hannun nan ba a titi aka koye shi ba. Wataƙila ya daɗe a maɗaba'a kafin na'ura ta ture shi.

Yau wata matashiyar tela ce tsaye a kansa. Shagonta yana cikin lungu, allon nan kaɗai zai kai mata masu ɗinki.

"Baba, har lambar wayar ka karkata mini. Ta fi kyau."

"'Yata, suna ake yi wa kwalliya. Lamba so ake a karanta ta daga nesa."

"Ni dai haka nake so."

Bai yi musu ba. Ya rubuta yadda ta ce, ya jingina allon, ya ce ta tsallaka titi ta karanto masa. Ga ta can tana ƙanƙance ido, ta faɗi lamba uku, ta cije.

Ta dawo tana dariyar kunya, ta tarar ya riga ya jiƙa tsumma da kananzir.

"Sunan fa, kin gan shi?"

"Shi kam raɗau!"

"To, shi ya zauna da karkatarsa. Riƙe mini allon, mu miƙe lambar."