Ina ƙanen jarumin ya shiga?

Fim ɗin 'yan Viking, mayaƙan Turawan dā, na ƙarewa a tele, maigidana ya tafa hannu ya ce, "Kai, wanda ya rubuta wannan gwani ne!"

Shekara biyu ina rubuta labarin wata mai lambu a Dabaga, na cika kaye uku, wato littattafan rubutu, maigidan bai taɓa wuce shafi na biyar ba in yana karantawa.

Na ce, "Gwani? Baban Fati, ƙanen jarumin da aka sace tun farko, ina ya shiga? Jirgin ruwansu da ya ƙone ƙurmus kuma, wa ya dawo musu da shi?"

Ya kurɓi shayi ya ce, "Franchement, gaskiya ban lura ba. Amma ko sau ɗaya ban yi gyangyaɗi ba."

Na kwashe kofuna na shige madafa. Har yanzu haushin baturen nan da ya rubuta fim ɗin nake ji. Ya manta da mutum guda sukutum, amma ya riƙe mini miji awa biyu cur.

Marubuta, kun taɓa kishin wanda kuka tabbata kun fi shi iyawa?