Burodin Baba cikin jirgin Jidda

Muna zama cikin jirgi a Yamai sai ma'aikaciyar jirgin ta duba biyena, wato tikitina, ta ce in biyo ta gaba. Yawan hawa jirgi da nake yi wajen ɗauko wa maigidana kaya ne ya sa suka ba ni babbar kujera. Guda ɗaya tak.

Ranar kuwa Baba na rako Umra. Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya wuce kwalekwalensa na tafkin Madarumfa ba. Na ce masa, "Ina zuwa," suka ja labule a bayana.

Nama, shinkafa, lemo, har da tawul mai ɗumi. Na ci, na miƙe ƙafa, barci ya kwashe ni.

Sai da muka kusa sauka na leƙo shi. Yana zaune ƙam, carbi a hannu, ido ja.

"Iro, sun sake ka?"

"Wa ya kama ni, Baba?"

"To, na ga sun tahi da kai bayan labule. Na ce ko takardunka ne ba su cika ba. Tun ɗazu roƙon Allah nike."

Ya zaro burodi da cinyar kaza cikin hankici. "Ungo, na san ba su ba ka komi ba."

Na karɓa na ci, da cikina cike. Na kasa faɗa masa gaskiya har ya rasu bara.

Jama'a, da ku ne, za ku iya faɗa masa?