Uwar Ragi da Kwalin Keken Ɗinki

Wai an ce 'yar goggona, Uwar Ragi, ta rufe shagon ɗinkinta ne saboda wani attajiri ya ɗauke ta aiki, ita ke sayo masa jiragen sama da rahusa. Wai har ta sa masu ƙera jirgi sun ƙara mata fiffike ɗaya kyauta. A wajen mai aski na ji wannan zance, na yi dariya har ya kusa tafiya da kunnena. To ƙarya ce tsagwaronta, jama'a. Uwar Ragi tana nan gida, ko tashar mota ba ta leƙa ba. Rufe shago kam gaskiya ne, kuma a idona aka yi.

Wannan mata tun muna yara ba ta taɓa sayen abu a kuɗin da aka faɗa mata ba. In ta shiga kasuwa, masu kanti kan jawo kujera su zauna, don sun san wuni ya tafi. Sabulu sai ta shinshina, batir sai ta lasa, yadi kuwa sai ta zaro zare ɗaya ta ƙona da ashana, in ta ji warin roba ta miƙa maka abinka ba ko kallo. Sannan duk cinikin da ta yi sai an ba ta gyara. Ta taɓa sayen bokiti ta kafe sai an ƙara mata murfin wani bokitin daban. Murfin bai rufe komai a gidanta, amma yana rataye a bango kamar lambar yabo.

Muna yi mata dariya, amma da wannan hali ta riƙe 'ya'ya uku tun da mijinta ya rasu, da halin da tsohon keken ɗinki na ƙafa da goggona ta bar mata. Keken nan in yana aiki sai ka ce tsoho na tari, amma bai taɓa ba ta kunya ba.

Sai ga wata makaranta ta kawo mata ɗinkin kayan ɗalibai, tulin yadi har rufi, ana so kafin a dawo hutu. A lokacin mai ginin shagonta ya riga ya gaji da ba ta haƙuri a kan haya, ya ce wannan aikin ne damarta ta ƙarshe. Keken ƙafa ba zai kai ba. Ta rufe ido ta sayar da shi, ta haɗa da ɗan abin da ta ɓoye, za ta sayi na lantarki. Ta ji labarin wasu da ke karyar da kekuna a wani sito bayan tasha, wai suna tashi ne. Ni ta ja, don in ɗauko mata kaya.

Wallahi ranar ta gwada keken nan kamar mai neman laifin suruka. Ta je da ƙyallenta da zarenta. Ta ɗinka siriri, ta ɗinka mai kauri, ta kara kunne ta saurari injin, ta taɓa ta ji ko ya yi zafi. Keke lafiya lau, yana gudu kamar ruwa. Ta matse mai kayan har ya dafe kai.

"Hajiya, kin kashe ni, na sallama," in ji shi. "Amma in kina son rasit, sai an ɗora kuɗin haraji."

"Riƙe takardarka, ba ita zan ɗinka ba," in ji ta.

Ya kira abokin aikinsa ya ce a shiga da keken ciki a sa shi a kwalinsa. Ita kuwa ta juya ga abin da ta fi so a duniya.

"To gyarata fa? Man keke da allurai."

"Mai zan iya ba ki. Allurai kam a'a."

"Au, da yatsana zan huda yadin?"

Suka yi ta ja. Mutumin da ya sakar mata keke guda cikin sauƙi ya tsaya kai da fata a kan allurai, yana rantsuwa, yana dariya, yana ba ta labarin uwarsa. Sai da kwali ya fito a liƙe tam sannan ya miƙa wuya. Ta fito tana taku ɗai-ɗai da kwalbar mai da allurai a hannu, ni ina baya ina nishi.

A shago muka buɗe. Launi ɗaya, suna ɗaya. Ta jona wuta, sai ya yi gunji, ƙauri ya tashi, shi ke nan. Mai gyara ya zo ya kwance, ya ce injin ya daɗe da ƙonewa, ciki duk tsatsa, fenti kawai aka shafa masa. Ba wanda ta gwada ba ne. Muka koma da gudu, muka tarar da kwaɗo a ƙofar siton. Maƙwabta suka ce haya ce ta 'yan kwanaki.

Mun je ofishin da ake kai ƙorafin masu saye. Ma'aikaciyar mai kirki ce, ta tambayi rasit, babu. Sunan mutumin, babu. Ta nuna mana benci cike da masu irin kukanmu, ta ce in an gwada kaya kada a bari ya bar gaban ido har a kai gida. Uwar Ragi ta sunkuyar da kai. Ita ce fa ke koya wa matan layinmu wannan magana.

Ta nemi tsohon kekenta, an riga an sayar wa wani. Ta nemi keken haya, kowane tela yana fama da nasa aikin. Makaranta ta aiko aka kwashe yadi. Ta koma sa wa telolin da a da suke zuwa tambayarta maɓalli da hannu, babbar 'yarta kuma ta zauna gida wannan zangon, ba kuɗin makaranta. Abin da ya fi tayar min da hankali, na raka ta kanti, aka faɗi kuɗin sabulu, ta miƙa ba ta nemi ragi ba. Mai kantin da kansa ya tambaye ta ko ba ta da lafiya.

Ranar da mai gini ya aiko karɓar makulli, muna kwashe kaya, ta tsaya tana kallon ramin da ƙafarta ta yi a siminti wajen zaman keke. Na ga idonta ya kawo ruwa, sai bakin nan nawa ya yi halinsa.

"Uwar Ragi, ki buɗe makarantar koyar da wayo mana. Amma ni zan zama shugaba, tunda ba a taɓa damfara ta ba."

Ta share ido da bakin mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan kawu, kai da ko takalmin ƙafarka na aro ne, wane ɓarawo zai ɓata yininsa a kanka? Kama ƙafar teburin nan, kafin in manta uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito."