Kurket a Ɗakinmu na Kudai

Shekarar da iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, ta mutu, mu uku aka bari a wani ɗaki a saman bene a unguwar Kudai ta Makka. An gama aikin Hajji, an kwaso motoci daga Muzdalifa an jere su a gareji, sai muka ji wai kamfanin da muke wa aiki ya koma hannun wasu. Waɗanda takardunsu ke da rai aka rarraba su wurare. Mu da namu suka ƙare a tsakani aka ce mu zauna a gida, kada mu kuskura mu taka titi har sai sabon kafili, wato ubangidan da ke tsaya mana, ya sabunta mana. Kowa ya san inda mutum zai kwana in jami'an jawazat, masu kula da shige da fice, suka tsare shi da matacciyar iƙama.

Ni mai wanke bas ne, daga Bichi na zo. Na biyunmu direba ne ɗan Pakistan, dattijo mai gemu ja jawur da lalle, wanda ya fi ni daɗewa a Makka nesa ba kusa ba. A gareji kowa Caca yake ce masa, wai baffa ke nan a harshensu. Ni dai bakina ya kasa kiran mai furfura da sunan caca, sai na riƙa ce masa Baba. Na ukun kuku ne ɗan Bangaladash, sa'ana, gajere mai surutu, ina ce masa Bai, wato ɗan'uwa a wajensu. Su kuma sadik suke kirana, wato aboki da Larabci. Da ni suna yin guntun Larabcin nan na ma'aikata, tsakaninsu kuwa harshen Baba suke yi, don Bai ya iya shi.

Taga ɗaya ce a ɗakin, rabinta na'urar sanyi ta cinye. In ka leƙa ta ɗaya rabin ka karkata wuya, za ka hango kan dogon agogon Harami a bayan dutse. Ko da ƙafa mutum zai iya zuwa. Mu kuwa sai dai mu ji kiran salla daga masallacin layi, mu shimfiɗa dardumai a tsakanin gadaje, Baba ya ja mu. Matata in ta kira takan ce in yi musu addu'a in na je ɗawafi ranar Juma'a. Na yi mata bayani har na gaji, amma ta kasa gane yadda mutum zai kasance a cikin Makka, lafiyarsa ƙalau, a ce kuma ba ya iya zuwa Harami.

Wakilin kamfani ne kaɗai ke hawo mana. Bahaushe ne haifaffen Makka, gidansu a Zahir, kakanninsa daga Sakkwato suka zo. Yakan kawo shinkafa da wake da kaji da albasa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Alhaji, ina aka kwana a maganar tamu?" nakan tambaye shi.

"Ka yi sabur, ya ahuya, mu'amala tana tafiya. Bukra, in sha Allahu."

Haƙuri yake ba ni da Hausarsu ta Makka mai gauraye da Larabci. Bukran nan, wato gobe, mun ji ta har mun daina ƙirgawa.

Ana cikin haka wata safiya na idar da azkar na koma gado, sai na ji su biyun suna kokawa da tsohuwar talabijin da waɗanda suka bar ɗakin suka manta. Baba na riƙe da waya a baya, Bai na dukan gefenta da tafin hannu. Da hoto ya fito, na ga wani fili kore shar, da mutane sanye da fararen kaya kamar masu shirin Idi.

"Sadik, tashi!" in ji Bai. "Yau ƙasata za ta kara da ƙasar Caca."

Ni ƙwallon ƙafa na sani. Kurket kuwa a labarai kawai nake jin sunansa. Na zauna na kalla na ɗan lokaci, ban ga abin da ake yi ba. Wani ya rugo da gudu ya wurga ƙwallo, wani mai riƙe da faffaɗar sanda ya tare ta a gaban ƙafarsa, shi ke nan kowa ya koma inda yake, a sake. Na ce, "Baba, ƙarfe nawa za a tashi?"

Ya ɗaga mini yatsu biyar.

"Ƙarfe biyar?"

"Kwana biyar, ɗana. Kuma bayan wannan akwai wani wasan, shi ma kwana biyar. Wani lokacin a gama duka a tashi canjaras."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na ga 'yan wasan sun watse sun tafi cin abincin rana, daga baya kuma aka sake tsayawa wai hutun shan shayi, na ce lallai waɗannan ba su da abin yi. Baba ya dube ni ya ce, "Kai me kake da shi na yi?"

Da yamma suka koya mini. Bai ya jera robobin ruwa uku a jikin ƙofar banɗaki, ya dunƙule safa ta zama ƙwallo, Baba ya tsaya a gaban robobin da tsintsiya mai dogon mariƙi. Mai jifa yana neman ya kayar da robobin, mai sanda yana kare su, in ya sami sarari ya make ƙwallon ya samu maki. In aka kayar da su, ko aka cafke ƙwallon a sama, ya fita, wani ya shigo. Da aka ba ni tsintsiyar, jifan farko Bai ya zubar da robobin duka. Baba ya gyara mini tsayuwa, ya danna mini gwiwar hannu sama, ya ce kada in yi gaggawar duka, in fara koyon tarewa.

Kafin kwana na uku na shiga ciki tsundum. Wani gajeren ɗan wasan Bangaladash ya kafe a gaban sanduna ukun da muka kwaikwaya da robobi kusan wuni guda, an jefe shi ta kowace fuska ya ƙi fita. Gumi ya jiƙe masa riga, yana cire hular kwano yana share fuska, ya mayar ya sake tsayawa. Na tsinci kaina ina riƙe numfashi duk lokacin da mai jifa ya taso. Rabon da in wuni ban leƙa tagar nan ba har na manta. Baba yana tsaki yana zagin masu jifan ƙasarsa, Bai yana kai da kawo tsakanin kicin da talabijin da ludayi a hannu, har ya ƙona mana shinkafa, abin da bai taɓa yi ba.

Bangaladash ce ta ci wasan farko. Bai ya ce irin wannan dogon wasan ba su taɓa cin Pakistan ba sai ranar. Ya ɗauko murfin tukunya yana bugawa da cokali, yana tsalle a kan katifa. Sai ya tsaya a gaban Baba ya ce da Larabci, don ni ma in ji, "A gidanku! A gaban mutanenku! Kullum kallon yaranku kuke yi mana."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya faɗi wata gajeriyar magana da harshensu, idonsa a kan talabijin. Na ga fuskar Bai ta sauya. Ya ajiye murfin a hankali, ya shige kicin ya ja labule.

Daga baya na ji abin da aka faɗa. Maciya amana Baba ya kira mutanen ƙasar Bai. Ban san cewa da can Pakistan da Bangaladash ƙasa ɗaya ce ba, yaƙi ya raba su, sai a kwanakin nan. Kowannensu ya ja ni gefe ya ba ni nasa labarin, duk da gefen bai wuce taku biyu daga ɗayan ba. Bai ya ce sojojin Pakistan suka zo ƙauyensu suka tafi da kakansa, har yau babu wanda ya san kabarinsa, kakarsa ta mutu tana ajiye masa tabarma. Baba ya ce yayansa soja ne, yana saurayi aka tura shi can, ya dawo bayan ɗauri bai ƙara zama mutum ba, sai dai a ba shi abinci a baki.

Bai ya rantse ba zai ƙara furta kalma ɗaya da harshen Baba ba. Ya daina zuba masa abinci. Baba ya koma burodi da dabino da baƙin shayi, in na miƙa masa nawa ya girgiza kai. Ni na zama ɗan aike a ɗakin da ko tari ka yi kowa ya ji. "Sadik, gaya masa ya rage sanyin nan." "Ɗana, gaya masa ya kwashe takalminsa daga hanya." Da lokacin azahar ya yi Bai ya ja dardumarsa baya, ya ce shi ba zai bi Baba ba. Sai Baba ya kama kafaɗata ya tura ni gaba. Haka na zama liman da gajerun surorina, su biyun a bayana kafaɗa da kafaɗa, a yi sallama kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. A da ina ganin fita ce kawai aka hana ni. Yanzu ko cikin ɗakin babu inda zan ajiye idona.

Duk da haka ranar da za a fara wasa na biyu, su biyun suka zauna a gaban talabijin, ni a tsakiya. Ranar ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba, ruwa aka wuni ana yi a can. Muka zauna muna kallon ruwa yana sauka a kan ledojin da aka rufe fili da su, a nan kuwa rana ta gasa bango har ba ya taɓuwa. Na tuna a gida damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, ƙanena ne ke duba mini gona. Babu wanda ya ce a sauya tasha.

Da aka fara wasan, sai da ta kai Bangaladash ta kusa rushewa, 'yan wasanta suna fita ɗaya bayan ɗaya, Bai ya rufe fuska da tawul. Sai wasu biyu suka tsaya suka farfaɗo da ita. Zuwa safiyar kwana na ƙarshe ta bayyana ko ga irina cewa su za su sake ci, in dai ruwa bai sauko ba.

Hantsi ya ɗaga, wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce wani abu sau biyu kamar bai ji ba, sai ya fara salati. Ɗansa ne. Matar Baba ta faɗi a tsakar gida tana shanya, kafin a kai ta asibiti ta cika. Za a binne ta bayan la'asar ɗinsu.

Na kira wakilin kamfani. Na ce, "Alhaji, don Allah, ko yau a fitar masa da bizar fita." Ya ce wallahi babu hali, sai iƙama ta dawo da rai, kuma ko da ta dawo a wannan sa'ar babu jirgin da zai kai shi kafin a rufe ta. Wannan karon bai ce bukra ba.

Bai ya miƙe ya kashe talabijin. Ya shiga kicin, na ji yana daka citta. Ya fito da shayi mai madara, mai kauri, irin wanda Baba ke so, ya durƙusa ya ajiye a gabansa, ya yi masa ta'aziyya da harshen da ya rantse ya bari. Baba ya riƙe kofin da hannu biyu bai sha ba. Muka ɗauko Alƙur'ani ni da Bai muna karantawa, kowa da irin muryar makarantarsu.

Can wajen azahar ihu ya ɓarke daga benen da ke fuskantarmu, inda 'yan Bangaladash masu shara suke haya. Ana buga bokitai, ana kiran sunan ƙasa. Bai bai ɗaga kai daga shafin ba, amma na ga yatsansa ya tsaya a wuri ɗaya.

"Kunna," in ji Baba.

Bai ya girgiza kai.

Baba ya miƙa hannu ya kunna da kansa. 'Yan wasa suna bin layi suna gaisawa, masu kuka na yi, masu murna na yi. Ya kalla na ɗan lokaci, ya taya Bai murna ya ce, "Mabruk. Sun fi mu wasa." Sai Bai ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka, ban san na wanne ba ne a ciki.

Da yamma wakilin ya hawo, ba ranar zuwansa ba ce. Ya ce wa Baba, "Ya ammi, baffana, sa takalminka, mu je Harami ka yi mata addu'a. In an tsare mu ni zan yi magana. Amma mutum ɗaya kawai zan iya ɗauka." Ya dube mu kamar mai neman gafara. Muka ce su je. Muka tsaya ni da Bai muna jin takunsu yana sauka har ya ɓace.

Takardar Baba ce ta fara fitowa. Ya tattara kayansa ya tafi gida, bai dawo ba. Sun koma cin abinci tare shi da Bai kafin ya tafi, amma maganar yaƙi babu wanda ya janye tasa, kuma da za su rabu hannu kawai suka yi. Bayansa aka kira Bai, aka tura shi wani kicin a Jidda. Ni na rage ni kaɗai na wani lokaci, da talabijin da ba na kunnawa.

Ranar da tawa ta fito, da na sauko ƙasa sai da na dafa bango, hasken titi ya cika mini ido da hawaye. Shagon aski na fara shiga a bakin layi. Mai askin ya taɓa sumata ya tambaye ni ko jinya na yi. Na ce a'a, ya dai aske duka.