Maki Biyun da Na Ba Yaya Sani

Yau shekara bakwai da rasuwar yayana Sani, mai sayar da goro a Agege, kuma har yanzu akwai abu ɗaya tsakanina da shi da ke hana ni sakewa.

Ana saura 'yan watanni ya kwanta ciwo, wata 'yar maƙwabtanmu da ke jami'a ta same ni a rumfa da takardu, shi ya fita. Ta ce bincike suke yi kan yadda mutum yake ganin halinsa da yadda na kusa da shi suke ganinsa. Ni iyakata firamare, sai ta riƙa karanto mini tambayoyin, ina ba Yaya maki daga ɗaya zuwa biyar. Kyauta, biyar. Riƙon amana, biyar. Da aka zo kan haƙuri na tuna tsawar da ya daka mini da safe a gaban masu saye, na ce biyu.

Bayan an binne shi abin ya dawo mini. Na faɗi aibinsa a bayan idonsa, har an rubuta. Giba ce? In giba ce, wa zan roƙa yafiya? Na nemi yarinyar ta canza. Ta ce, "Baba, babu suna a takardun. An riga an haɗa da na sauran jama'a an yi lissafi."

Yanzu 'ya'yansa a waya suke amsa irin tambayoyin nan, ko a cikin motar haya ta danfo, nan take ta faɗa musu halinsu. Da yana raye da ya ƙwace wayar, ya ce a tashi a yayyafa wa goro ruwa.

Bana na kasa daurewa, na faɗa wa matarsa, Hajiya Rabi. Ta dube ni, ta ce:

"Biyu? Malam Idi, ai kara ka yi masa. Ni ma ta zo mini. Ɗaya na ba shi, yana zaune yana ji. Ya ce wa yarinyar, rubuta, ta fi ni sani."

Sai ta goge ido da bakin mayafi.

Ban samu sauƙi gaba ɗaya ba, don ita a gabansa ta faɗa, ni a bayansa. Amma abin da ya rage mana ke nan na Yaya: mutum ne mai saurin fushi, ya san haka, kuma bai taɓa neman a ɓoye masa ba. Shi ya sa yau na faɗa a fili. Allah Ya jiƙansa, ni ma Ya yafe mini.