Hasken da Babana Makaho Ya Gani

Wallahi abin nan da ni ya faru, shekarun baya ina koyar da fizik a lise, wato sakandare, a Gure. Akwai na'urorin hangen nesa da ke kewaya duniya can sama, aikinsu kama wani haske da ake kira gamma, wanda ke fashewa idan ƙaton tauraro ya mutu. Ido ba ya ganinsa, iskar duniya ma ba ta barinsa ya sauko. Da sun kama shi sai su auna ƙarfinsa da inda ya fito su aika saƙo, ni kuwa da karambanina na sa saƙon yana shigo mini a waya don in burge 'yan aji.

Babana ya daɗe da makancewa, amma kullum da la'asar sai na kai shi lambunmu na dabino a cikin kwari. Rannan muna zaune ya zabura ya rufe fuska da hannu.

"Wa ya haska mini toci?"

Na ce, "Baba, da rana haka wa zai kunna toci?"

Ban rufe baki ba waya ta yi ƙara, saƙon gamma ya shigo. Na yi dariya, na ce dace ne. Da ya sake faruwa dariyar ta ɗauke, domin wannan karon ƙasa ya nuna, tsakanin ƙafafunsa, kuma da na lissafa, hasken ta ɗaya gefen duniya ya fito, daidai ƙarƙashinmu.

Duk ganin da zai yi sai ya kwanta ciwo, ya rame, yana cewa abin matsowa yake. Tsoro ya kama ni sosai, muka je likita a Damagaram, muka je wurin malamai, shiru.

Ranar ƙarshe ya ce, "Ga shi nan a bayanka, ɗana, kada ka waiwaya." Na ƙura wa waya ido, saƙo bai zo ba. Kafin magariba ya cika.

Bana idanuna sun fara dushewa, likita ya ce irin ciwon idon Baba ne. Makon jiya ina alwala wani abu ya haska mini, ko waya ban duba ba na kashe ta. Ku dai, idan makaho ya ce ya ga haske, ku yi masa addu'a, kada ku bincika.