Maniru Albarushi

Kawuna Maniru bai taɓa harba bindiga ba. Ko ranar salla, in maharba suka fara sakin wuta, toshe kunnuwa yake yi ya shige gida. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa, daga Bodinga zuwa Shagari, in ba ka ce Maniru Albarushi ba, babu wanda zai gane wa kake nufi. Mahaifiyata Atika, ƙanwarsa, ta tsufa tana faɗa da mutane a kan sunan nan, ni ma kuma ban taɓa jin sa raina bai ɓaci ba.

A Sifawa aka haife shi, ɗan Malam Husaini mai makarantar allo. Lokacin da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro a kai boko, mutane suka yi ta ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Malam Husaini ya kamo hannun Maniru da kansa ya miƙa, don ya ga yaron ya fara sauri a hisabi, kuma ya ce ilimi bai da ƙabila. Daga elementare ya wuce Midil a Sakkwato, daga nan aka tura shi kwaleji a Zariya. A can ya haɗu da kemistiri, ilimin sanin abin da aka gina kowane abu da shi. Abin da ya kama zuciyarsa shi ne, sinadarai ba sa haɗuwa kara zube. Kowanne yana da rabon da yake ɗauka daga ɗan'uwansa, ba ya ƙari, ba ya ragi. Ya ce ranar da ya fara ganin haka a kan sikeli, sai da tsigar jikinsa ta tashi, don abin da mahaifinsa yake faɗa musu ke nan tun suna ƙanana, cewa Allah bai halicci kome ba sai da awo.

Ya dawo gida a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, aka ba shi aji a wata 'yar makaranta da ke wani ƙauye tsakanin Bodinga da Danchadi. Abin da aka ce ya koyar shi ne karatu da rubutu, lissafi, tsafta da aikin lambu. Ya koyar da su, bai yi ha'inci ba. Amma abin da ya gani a Zariya ya hana shi sakat. Sai ya je wurin hedimasta, Malam Ɗanbaba, ya nemi izinin nuna wa manyan ɗalibai wani gwaji bayan an tashi. Malam Ɗanbaba ya ce ya yi abin da ya ga dama, muddin ba zai taɓa kayan makaranta ba.

Makarantar ma ba ta da wasu kaya. Don haka Kawu ya nufi kasuwar Bodinga wurin Arzika, maƙerin farfaru, mai ƙera wa mata zobba da mundaye. Arzika ya girme shi sosai, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma yana da 'yar tukunyar narka ƙarfe, da zugazugi, da ƙaramin sikelin da yake awon azurfa da 'ya'yan idon zakara.

Kawu ya ce, "Baba Arzika, aron kayanka nika so, da hannunka. Jan ƙarfe za mu dafa da farar wuta."

Arzika ya dube shi ya ce, "Malam, mi za a ƙera da shi?"

"Ba komi. Awo kawai za mu yi."

"A hura wuta, a ƙona gawayi, ba a ƙera komi ba? To, wanga aiki sai na gani da idona."

Son ganin ƙwaƙwaf ne ya kai Arzika ƙauyen, da kayansa a bayan jaki. A ƙarƙashin wata tsamiya a bayan makaranta suka kafa murhu. Kawu ya naɗe wayar jan ƙarfe, ya aza ta a sikeli, ta yi nauyin idon zakara arba'in. Ya sa ta a tukunya, ya binne ta da garin farar wuta, ya rufe, Arzika ya kama zuga. Can sai wani shuɗin harshen wuta ya fara leƙowa ta gefen murfi, da wari mai shaƙe maƙogwaro, yara suka ja da baya suna tari suna dariya. Da wutar ta cinye rarar farar wutar, tukunya ta huce, aka buɗe. Wayar tana nan da naɗinta, amma ta koma baƙa, tana marmashewa kamar gawayi. Aka auna, hamsin.

Aka sake da waya mai nauyin tamanin, aka samu ɗari. Arzika ya ce wannan karon shi zai zuba farar wutar, ya tula mata ninkin ta farko don ya ga ƙaryar abin. Sakamakon bai sauya ba. Kashi huɗu na jan ƙarfe, kashi ɗaya na farar wuta yake karɓa, saura ya bi iska. Wani lokaci sikeli yakan nuna ƙarin ƙwaya ɗaya ko ragin ɗaya, Kawu kuma ya sa a rubuta abin da sikelin ya nuna, ba abin da ake so ya nuna ba.

Sa'an nan ya jingina allo da tsamiya ya yi musu bayani. Ya ce kowane abu ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, ba a iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, sai dai a ƙirga su da sikeli. Masana sun tsara wani tsibi, wanda yawan ƙwayoyin cikinsa ɗaya ne ko na wane sinadari ne, nauyi ne kawai ya bambanta. 'Yan makarantar yanzu suna kiransa mol, shi kuwa tsibi yake ce masa. Tsibin jan ƙarfe nauyinsa wajen sittin da huɗu, na farar wuta talatin da biyu, wato ƙwayar jan ƙarfe ta ninka ta farar wuta nauyi.

Ya tambaye su, "In kowace albasa ta yi nauyin gauta biyu, kuma albasar da ke kwandonka ta ninka gautan nauyi sau huɗu, albasa nawa ke fuskantar kowane gauta?"

Arzika ne ya riga yara amsawa. Ya ce, "Biyu mana."

Kawu ya rubuta a allo da alli, Cu da ƙaramin biyu a gindinta, sa'an nan S. Ya ce baƙin abin nan sunansa ke nan: ƙwaya biyu ta jan ƙarfe, ɗaya ta farar wuta. Arzika ya daɗe yana kallon allon. Ya ce tun yana yaro yake narka jan ƙarfe, bai taɓa sanin yana da ƙa'idar cin abinci ba.

Iyakar laifin ke nan. Na faɗe shi dalla-dalla don kowa ya auna da kansa.

Sun yi gwajin a 'yan makonni, har manoma suka fara tsayawa kallo in sun taso daga fadama. To, farar wuta tana cikin kayan haɗa albarushi, kowa ya san haka. Kufan Satiru kuma, garin da Turawa suka shafe daga doron ƙasa saboda tawaye, ba shi da nisa daga wurin, kuma tsofaffin da suka ga abin da idonsu suna raye. Ga shi lokacin jam'iyyu sun fara shigowa ƙauyuka, manya suna kallon duk wani matashin malamin boko da wutsiyar ido. Wani ya kai magana cewa ɗan malamin Sifawa yana tara yara da maƙeri a bayan makaranta suna dafa albarushi. Har yau ba mu san ko wane ne ba.

'Yan doka suka zo da hantsi, yana tsakiyar darasi. A gaban ɗalibansa suka ɗaura masa igiya a ƙugu. Suka bi ta maƙera suka haɗa da Arzika, suka ratsa da su ta tsakiyar kasuwar Bodinga ranar da take ci. Mahaifiyata tana wurin, ta kawo daddawa. Ta ce wani ɗan doka yana gaba ɗauke da allon nan a ka, da rubutun allin a jikinsa, wai shaida. Ta bar tallarta a ƙasa ta bi su tana kiran "Yaya! Yaya!", shi kuwa bai ko waiwayo ba, don kada ta ga fuskarsa.

Da aka zo shari'a, aka ce a jira Baturen da ke duba makarantun yankin. Kawu ya ji sanyi a ransa, don ya san duk wanda ya yi sakandare a Ingila zai gane abin da kallo ɗaya. Haka kuwa aka yi. Baturen ya shigo, ya dubi allo, ya ɗauki baƙar wayar ya murza a yatsunsa, ya yi dariya. Ya ce wa Kawu da Turanci shi ma ya yi wannan gwajin yana yaro, kuma nasa bai fito daidai kamar wannan ba. Har ya tambaye shi da me ya yi awo, da ya ji idon zakara ne sai ya kaɗa kai don sha'awa.

Kawu ya ce masa, "Ranka shi daɗe, to ka faɗa musu da Hausa. Ka ce ba albarushi ba ne."

Baturen yana jin Hausa kamar jakin Kano. Amma sai ya rage murya, ya ci gaba da Turanci. Ya ce manyan ƙasa sun riga sun kai maganar sama, shi kuma ba a kawo shi nan don ya kunyata su a gaban talakawansu ba. Ya juya ga alƙali, ya ce ta bakin tafinta, abin da zai iya shaidawa kawai shi ne malamin ya koyar da abin da ba ya cikin manhaja, kuma 'ya'yan manoma ba su da bukatarsa. Saura kuma, ya ce, al'amarin 'yan ƙasa ne. Ya sa hularsa ya fita.

Wannan ne abin da ba ni iya haɗiyewa. Jahilin da ya ji wari ya tsorata, ina iya yi masa uzuri. Mutumin nan ya sani sarai, ya riƙe abin a hannunsa, kalma huɗu ta ishe shi, ya zaɓi ya yi shiru.

Alƙali ya yi wa Kawu tambayoyi. Ana sa farar wuta a albarushi? Ya ce ana sawa. Ka saye ta? Ya ce ya saya. Ka sa mata wuta a gaban yara? Ya ce ya sa. Da ya buɗe baki zai yi bayani, aka ce ya isa. Aka kira Malam Ɗanbaba, ya rantse bai san kome ba, bai taɓa ba da izini ba. Aka kori Kawu daga aiki, aka ce kada a sake ganinsa a gundumar. Arzika kuwa, da yake ba shi da takardar boko da za ta sa a ji nauyinsa, aka yi masa bulala a bainar jama'a, aka ƙwace kayan sana'arsa, aka kai shi gidan yari na wasu watanni. Mutumin da iyakar abin da ya yi shi ne zuga.

Kawu ya kwashe iyalinsa ya koma Horo Birni ta ƙasar Shagari, wurin dangin matarsa Kaltume. Surukinsa ya yanka masa wani yanki na fadama, ya koyi noman albasa da hannuwan da ba su saba da fartanya ba. Duk abin da ya samu a shekarar farko, rabawa yake da iyalin Arzika. Da Arzika ya fito, hannunsa ya kama rawa, bai ƙara iya aikin zobe ba. Matan Bodinga ma sun daina zuwa wurinsa. Duk da hanin da aka yi masa, Kawu ya je da kansa ya taho da shi, ya gina masa ɗaki kusa da nasa, Arzika ya riƙa gyaran lauje da gatari yana samun na abinci.

Kawu ya taɓa takawa har Sakkwato don ya sake ganin Baturen, aka ce masa ya tafi hutu ƙasarsu. Bai sake dawowa ba. Sunan Albarushi kuwa ya riga Kawu isa Shagari. Har maharba suka riƙa zuwa a ɓoye da kyautar zabi, suna roƙon ya haɗa musu mai ƙarfi. Kaltume ce take korar su da muciya, tana cewa, "Ku tahi ku ba mu wuri! Malam ko ashana sai ya kau da kai yaka ƙyasta ta."

Ana gab da samun mulkin kai aka shiga neman malamai ido rufe. Malam Ɗanbaba, wanda a lokacin ya zama babba a harkar makarantu, ya aiko manzo har bakin fadama. Ya ce za a mayar da Kawu aiki, har da ƙarin girma, in dai zai je gaban manya ya amsa kuskurensa ya nemi gafara. Gidan kuwa a lokacin ana cikin matsi, damina ba ta yi kyau ba. Kawu ya dubi Kaltume da ta kawo masa fura.

Ita ce ta yi magana. Ta ce, "Malam, in ka amsa, ka ce bulalar da anka yi ma Baba Arzika daidai ta. Mu sha ruwa da tsaki ya hi."

Kawu ya ce wa manzon ya gaida wanda ya aiko shi, ya kuma gaya masa in akwai mai neman gafara, ga ɗakin Arzika can, ƙofarsa a buɗe take. Manzon ya hau kekensa ya tafi. Babu wanda ya zo.

Kawu bai sake shiga aji ba har ya rasu. Arzika ya riga shi da 'yan shekaru, Kawu ne ya yi masa wanka ya kuma ja sallarsa. Malam Ɗanbaba ya yi ritaya da mutuncinsa, ya je Hajji, ya gina gidan bulo. Ranar da labarin rasuwar Malam Ɗanbaba ya iso Sifawa, matan unguwa suka shirya tafiya gaisuwa, suka biyo wa mahaifiyata. Ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, amma ita ƙafarta tana ciwo, ta ci gaba da tankaɗen garinta.